RA'AYI: Idan na'ura ta ce "za a duba", wa ya ɗauki alkawarin?

Duk wanda ya yi karatun allo ya ji wannan hukunci tun yana yaro: yin sallama sunna ne, amsa ta kuwa wajibi. Mai sallama yana da zaɓi, ya yi ko ya wuce abinsa. Wanda aka yi wa ba shi da wannan zaɓin, domin da zarar kalmar ta shiga kunnensa wani nauyi ya hau kansa, kuma nauyin ba ya sauka sai ya buɗe baki. Haka tambaya take, haka ma roƙo. Baƙon da ya sauka a tashar mota a Jalingo ya tambayi hanyar asibitin tarayya bai haɗa dangi da wanda ya tare da tambayar ba, bai kuma ba shi ko sisi ba, amma idan mutumin ya dube shi ya kau da kai, duk wanda ke wurin zai ce bai kyauta ba. Ko bai san hanyar ba, ana jiran ya ce, "Wallahi ni ma baƙo ne, amma tambayi mai shayin can."

Wannan ɗan nauyi na zaman tare yana gab da zama batun gwamnati, saboda teburin karɓar baƙi na ma'aikatu da hukumomi ya fara komawa hannun manhajojin hira masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. Bankuna ne suka riga kowa: tun a 2018 bankin UBA ya fito da Leo, mai amsa wa abokan hulɗa ta Facebook. A 2025 Ofishin Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, ƙarƙashin Misis Didi Esther Walson-Jack, ya ƙaddamar da Service-Wise GPT domin amsa wa ma'aikata tambayoyi kan dokokin aiki da takardun umarni. A watan Satumba na shekarar kuma, Ministan Sadarwa Dakta Bosun Tijani ya bayyana N-ATLAS, wadda aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin bakin 'yan Najeriya. Saboda haka akwai abin da ya kamata manyan sakatarori da daraktoci da mataimakan da ke rubuta takardun sayen waɗannan kayayyaki su bincika kafin komai: shin na'urar ta san cewa tambayar da aka yi mata bashi ce a kanta, kuma alkawarin da ta furta bashi ne a kan ma'aikatar da ta ɗora ta?

Daga Mayo Gwoi zuwa Abuja

Garuruwa irin Jalingo ne za su fi jin amsar wannan tambaya a jikinsu. Tun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya zama mazaunin ma'aikatan tarayya masu yawa, daga likitoci da ma'aikatan jinya na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya zuwa 'yan sanda da jami'an shige da fice. Aikinsu a Taraba yake, amma albashin akasarinsu da ƙarin girmansu da fanshonsu a Abuja ake yanke su. Tafiya Abuja da mota kuwa yini guda ce, kuma da gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye a daminar 2024, matafiya sun koma ƙetarawa da jirgin ruwa ko su yi dogon zagaye. Wanda ke aiki a Gembu, can saman tsaunin Mambila, sai ya sha tafiyar sa'o'i kafin ma ya iso Jalingo. Ga irin waɗannan mutane, manhajar da ke amsawa a waya babbar rahama ce, matuƙar amsar tata abar dogaro ce.

A ɗauka cewa wata hukumar tarayya ta sanya irin wannan manhaja, kuma wani dattijo da ya cika shekara 35 yana aiki ya yi ritaya ya zauna a Mayo Gwoi. Jikansa ya riƙe masa waya ya rubuta abin da ya faɗa: "Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan shiru. Kuma an ce in sake kawo takardun da na riga na kawo bara. Ko sai na zo Abuja ne?" Kafin ya gyara zama amsa ta iso: "Wa alaikumus salam, Baba. Ku yi haƙuri da wannan jinkiri. An karɓi ƙorafinku, za a duba, kuma za a tuntuɓe ku nan ba da jimawa ba."

Amsar ta yi daɗin ji, dattijon ma zai iya sa wa na'urar albarka. To amma idan aka ƙirga, abubuwa huɗu ya ɗora mata: sallama, koken kuɗin da bai shigo ba, batun takardun da aka sake nema, da tambayar da amsarta e ce ko a'a, wato zuwa Abuja. Sallamar kaɗai aka biya cikakkiya. Takardun ba a ambace su ba, tambayar Abuja ta faɗi a hanya. Sannan na'urar ta ƙara wa hukumar sabon bashi har biyu, na dubawa da na tuntuɓa, alhali mai yiwuwa babu ɗan Adam ko ɗaya a ginin hukumar da ya san an yi wannan hira. Dattijon zai zauna jiran kiran da ba zai zo ba, ko kuma ya ranci kuɗin mota ya kama hanyar da wataƙila ba ta zama dole ba.

Abin da aka gano a Rochester

Masana kwamfuta sun daɗe da cin karo da wannan matsala. Har zuwa farkon shekarun 1990, ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakaninsu shi ne cewa mutum yana amsa tambaya ne saboda ya gane abin da mai tambaya ke so, ya kuma ɗauki buƙatarsa tamkar tasa. A kan wannan tunani aka riƙa gina na'urorin hira: na'ura ta gano burin mai magana, ta mai da shi nata, sannan ta tsara amsa. A 1994 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Rochester da ke Amurka, David Traum da James Allen, suka gabatar da maƙalar da ta nuna giɓin wannan bayani. Sun kawo misalin mutumin da baƙo ya tsayar a titi ya tambaye shi ƙarfe nawa. Babu burin da ya haɗa su. Haka kuma wanda bai san amsa ba, ko wanda ba ya son bayarwa, yakan ce wani abu duk da haka, ko ya ce bai sani ba ko ya ce ba zai faɗa ba. Da haɗin kai ne kaɗai ke sa a yi magana, da waɗannan sun yi gum da bakinsu. Abin da ke motsa su, a cewar masu binciken, shi ne wajibcin da al'adar zance ta ɗora wa duk wanda ya shiga cikinta.

Suka jera waɗannan wajibai a wani ɗan jadawali. Wanda aka yi wa tambaya, amsa ta hau kansa. Wanda aka roƙa, dole ya karɓa ko ya ƙi, kuma ƙin ma sauke nauyi ne muddin an furta shi. Wanda ya yi alkawari ko ya amince da wani abu, cikawa ta hau kansa. Maganar da ba a fahimta ba, ko aka yi kuskure a cikinta, dole a gyara ta. Daga nan suka sanya jadawalin a cikin wata na'ura mai suna TRAINS, wadda aikinta shi ne taya mutum tsara jigilar kaya da jiragen ƙasa, kamar ɗaukar lemu da ayaba tsakanin wasu ƙananan garuruwa biyar. Duk sanda mutumin ya yi magana, na'urar takan duba ko maganar ta haifar da wani wajibi, ta shigar da shi cikin jerin abubuwan da ake bin ta. Idan lokacin maganarta ya zo, jerin nan take fara dubawa kafin ta waiwayi nata burin na kammala tsarin jigilar.

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar wasiƙun shiga da fita a ma'aikata zai gane wannan tsari nan take. Wasiƙa ta shigo, a buga mata hatimi da kwanan wata, a rubuta ta a littafi, gurbin da ke gabanta ya zauna fanko har ranar da amsa ta fita. Wannan gurbin ne ke tona asirin ofishin da ya yi sakaci. TRAINS ƙaramar na'ura ce da ba ta san komai ba sai jiragen ƙasa da lemu, amma tana riƙe da littafin bashinta.

Na'urar da ba ta iya cewa "ban sani ba"

Manhajojin da suka cika duniya tun bayan fitowar ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022 wata hanya daban aka bi wajen gina su. An ciyar da su ne da rubutu mai ɗimbin yawa, aka horar da su su riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata. Da yake a rubutun 'yan Adam amsa ce ke bin tambaya, ban haƙuri ke bin ƙorafi, "za a duba" ke bin koke, sai na'urar ta koyi jeranta su haka. Daga baya aka ɗauki mutane suna karanta amsoshinta suna zaɓar wadda ta fi, aka ƙara horar da ita a kan zaɓinsu. Abin da ya fito shi ne na'ura mai ladabi da saurin baki, wadda ta fi tsofaffin nesa ba kusa ba wajen gane abin da mutum ke nufi, kuma sau da yawa takan sauke wajibin zance daidai. Sai dai bisa sabo take yin haka. A cikinta babu layin da aka rubuta cewa ana bin ta amsar tambaya ta huɗu, sai fa idan waɗanda suka haɗa manhajar sun ƙera mata wannan littafi daga waje.

Shi ya sa tambaya ke faɗuwa a hanya idan saƙo ya ƙunshi buƙatu da yawa, babu abin da zai yi ƙara ya ce an bar wani abu a baya. Shi ya sa kuma na'urar ke jin wahalar amsa mafi sauƙi a bakin mai gaskiya, wato "ban sani ba". Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da bincike a watan Satumban 2025 yana bayyana cewa hanyoyin da ake auna irin waɗannan na'urori sun fi saka wa mai canka a kan mai amsa rashin sani, kamar ɗalibin da ya lura cewa a jarrabawar canki-canka barin gurbi sifili ne, canka kuwa tana iya dacewa. Kafin nan, a watan Afrilun shekarar, kamfanin ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ta koma 'yar amshin Shata, tana yaba duk abin da aka faɗa mata. Illar wannan hali ta riga ta kai gaban alƙali: a watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar mata da hukunce-hukuncen da ba a taɓa yankewa ba, waɗanda manhajar ta ƙaga musu da sunaye da lambobi.

Mafi hatsari ga aikin gwamnati shi ne alkawari. Kalmomin "za a tuntuɓe ku" suna fitowa daga na'urar ne kamar yadda kowace kalma ke fitowa, saboda sun dace da wurin. Idan ba a haɗa manhajar da tsarin buɗe fayil na hukumar ba, babu jami'in da ya ji, babu takardar da ta motsa, kuma da an rufe hirar maganar ta bi iska. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, ga shi an ƙera abin da ke iya ɗaukar dubu a awa guda ba tare da ya ji nauyin ko ɗaya ba.

Bakin ɗan aike

Wani jami'i zai iya cewa ai maganar na'ura ce, ba ta ma'aikata ba. A fadojin ƙasar Hausa, idan talaka ya faɗi gaisuwa ba lallai sarki ya buɗe baki ba, fadawa ne ke cewa "Sarki ya gaishe ka", kuma ba a taɓa jin wanda ya fito daga fada yana cewa dogari ne ya gaishe shi ba. Wanda aka tsayar ya yi magana a madadin mai gida, maganarsa ta mai gida ce.

Wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta tsaya a kan wannan fahimta a watan Fabrairun 2024. Wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira da ke shafin kamfanin jiragen sama na Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Manhajar ta gaya masa ya sayi tikiti a cikakken farashi, ya nemi rangwamen daga baya cikin kwana 90, alhali ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Da ya nemi kuɗinsa aka hana shi, kamfanin ya kafa hujja da cewa manhajar ita ke da alhakin abin da ta faɗa. Kotun ta yi watsi da wannan, ta ce duk bayanin da ke shafin kamfani nasa ne, ta umarce shi ya biya sama da dalar Kanada 800. Kuɗin kaɗan ne, ƙa'idar da aka kafa ce babba. Bayan wata guda, jaridar bincike ta The Markup ta gano cewa manhajar da hukumar birnin New York ta kafa don ba 'yan kasuwa shawara tana gaya wa masu kamfanoni cewa za su iya ɗibar tukuicin da aka ba ma'aikatansu, abin da doka ta haramta. Wannan kuwa manhajar gwamnati ce, da tambarin gwamnati a goshinta.

Dokar Najeriya ta riga ta rubuta jadawalin

Ba sai an je Amurka neman ƙa'ida ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ranar 28 ga Mayu, 2011, kusan jadawalin nan ne na Rochester aka mai da shi doka. Hukumar da aka nemi bayani a wurinta tana da kwana bakwai ta bayar, ko ta rubuta dalilin hanawa. Idan bayanin yana hannun wata hukuma, ta miƙa mata buƙatar ta kuma sanar da mai nema. Idan ta yi shiru har wa'adin ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, mai nema yana iya zuwa kotu, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba tana jawo tarar naira 500,000. Har ma dokar ta ce idan mutum ya nemi bayani da baki, jami'in ya rubuta buƙatar ya ba shi kwafi. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi, ke nan sakatariyar jiha a Jalingo ma tana ciki.

Haka nan umarnin da Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya tanadi cewa idan hukuma ba ta amince ko ta ƙi buƙatar izini cikin wa'adin da ta wallafa ba, a ɗauka ta amince. Ofishin SERVICOM, da aka kafa a 2004 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, a kan wannan tushe ya tsayu: kowace ma'aikata ta bayyana abin da ta yi wa jama'a alkawari da lokacin cikawa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ba mutum 'yancin kada na'ura ita kaɗai ta yanke hukunci mai nauyi a kansa, da 'yancin neman ɗan Adam ya sa baki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta yarda da hanyoyi huɗu na sauke nauyin buƙata: a bayar, a hana da dalili, a miƙa wa mai ita, ko a nemi ƙarin lokaci a rubuce. Babu inda ta amince da amsa mai daɗi wadda ba ta ɗaya daga cikin huɗun. Ma'aikatar da ta sa manhaja a ƙofarta ba ta fita daga ƙarƙashin waɗannan dokoki ba, ta dai ƙara yawan bakunan da ke ɗauko mata bashi.

"To" ba amincewa ba ce

Akwai ƙarin wahala da harshe ke kawowa. Bahaushe, musamman dattijo mai kunya, bai cika yin roƙo kai tsaye ba. "Wata biyu ke nan shiru" a tsarin nahawu labari ne, a kunnen kowane magatakarda kuwa neman haƙƙi ne. "Ina labarin fayil ɗin nan?" tuni ne ga wanda ya yi jinkiri. Kalmar "to" tana iya nufin na yarda, tana iya nufin na ji, tana iya nufin na haƙura don ba ni da yadda zan yi. Na'urar da ta ce wa mutum za a rufe ƙorafinsa, ya ce "to", ta rubuta cewa ya gamsu, ta zalunce shi cikin ladabi.

A Jalingo abin ya ninka. Taraba na cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Najeriya, kuma Hausa ce ke haɗa Mumuye da Jukun da Fulani da Kuteb da Tibi da Wurkun da Mambila a kasuwa da ofis. Hausar da yawancinsu ke yi ta bambanta da ta Kano a lafazi da zaɓin kalma, kuma a waya ana rubuta ta gauraye da Turanci, babu ƙugiya a kan baƙaƙe. A nan ne wajibin gyara ya fi kowane muhimmanci. Magatakarda nagari idan bai gane ba yakan ce, "Baba, ku yi haƙuri, albashi kuke nufi ko fansho?" Na'urar da aka horar ta riƙa canka za ta zaɓi ɗaya ta zarce da bayani mai tsawo a kan abin da ba a tambaye ta ba, mai tambaya kuma ya ɗauka shi ne bai iya tambaya ba.

Masu goyon bayan waɗannan manhajoji suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a ji ta. Za su ce teburin da ake kuka a kansa ai ba na'ura ce ta fara lalata shi ba. "Oga ba ya nan", "dawo gobe" da "fayil ɗinka na sama" duk bakin mutane ne ya ƙirƙiro su. Na'ura tana amsawa da tsakar dare, ba ta neman na goro, ba ta duba ƙabila ko addinin mai tambaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma dalili ne na a kawo manhajojin. Amma magatakardan da ya ce "dawo gobe" yana da fuska da suna da mai gida a samansa, ana iya samunsa goben a tuna masa. Idan ya yi ƙarya, mutum goma ya yi wa a yini. Manhajar da ta gaji wannan hali za ta yi wa jiha guda a lokaci ɗaya, kuma babu wanda za a riƙe. Ba a kuma cewa a koma irin TRAINS mai ƙarancin sani. Injiniyoyi sun san yadda ake haɗa biyun: sabuwar na'ura ta fahimci magana ta tsara amsa, wani tsari daban a gefenta ya riƙe lissafin abin da aka tambaya da abin da aka alkawarta. Ba sa yin wannan ƙarin aiki sai mai saye ya nema a takardar kwangila.

Abin da za a rubuta a takardar kwangila

Nan ne aikin ya dawo teburin masu karanta wannan shafi. Mataimakin da ke tsara wa minista ko babban sakatare takardar neman kwangila yana iya shigar da sharuɗɗa kaɗan da za su sauya komai. Manhajar ta rarrabe kowace buƙata da ke cikin saƙo, kada ta rufe hira sai kowacce ta samu ɗaya daga cikin huɗun nan da doka ta sani. A hana ta furta "za a duba" ko "za a tuntuɓe ka" sai ta riga ta buɗe fayil mai lamba, ta ba mai tambaya lambar da sunan sashe da ranar da wa'adi zai cika. Amsar da ta shafi kuɗi, matsayi ko wa'adi ta zo da takardar umarni ko sashen dokar aiki da aka ciro ta, idan babu ta ce ba ta da tabbas. A bar ƙofar zuwa wurin ɗan Adam a buɗe, da kalma ɗaya a Hausa ko Turanci. Kafin a biya ɗan kwangila, a gwada ta da saƙonnin da mutanen Jalingo da Wukari da Gembu suka rubuta da Hausarsu, a ƙirga tambayoyi nawa suka faɗi a hanya. Sashen SERVICOM na ma'aikatar kuma ya riƙa karɓar jerin alkawuran da wa'adinsu ya wuce duk ƙarshen wata, kamar yadda ake duba rajistar wasiƙu.

Da an bi waɗannan, amsar da dattijon Mayo Gwoi zai samu za ta zama kamar haka: "Wa alaikumus salam, Baba. Batun kuɗin wata biyu, na buɗe muku fayil, ga lambarsa, yana sashen biyan kuɗi, kuma za su amsa kafin ranar kaza. Takardun da kuka kawo bara ba ni da ikon ganinsu, na tura tambayar ga jami'in rajista a fayil ɗin. Zuwa Abuja kuwa ban da tabbacin ya zama dole, kada ku kama hanya sai jami'i ya gaya muku da bakinsa." Ba ta kai ta farko zaƙi ba, har sau biyu ta amsa gazawarta. Amma jikan zai rubuta lambar a bayan ambulan ɗin takardun, kuɗin motar zai zauna a aljihu, kuma idan ranar ta zo ba a kira ba, dattijon ya san ofishin da zai tuna wa da abin da zai nuna musu.